A gwada fitsari kafin a haɗiyi ƙwaya

Jama'a masu sauraro, har yaushe za a ci gaba da maganin ciwon mafitsara da ka? Da mutum ya ji zafin fitsari, sai ya lalubo ragowar ciprofloxacin, wani antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya haɗiye, babu gwaji, babu likita.

Mafi yawan ciwon nan ƙwayar cuta mai suna E. coli ce ke kawo shi, kuma daga hanji take fitowa. Duk maganin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yakan kashe ƙwayoyin cuta masu rauni a hanjin, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Wasunsu suna fitar da wani sinadari da ake kira ESBL da ke lalata antibayotik irin su ceftriaxone, har suna miƙa wa 'yan uwansu wannan dabara. Idan aka kai nan, sau da yawa sai a kwantar da mutum a yi masa allurar wani antibayotik mai suna meropenem ta jijiya. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, E. coli ce kuma a kan gaba.

Wai gwaji ɓata lokaci ne. Haba! Kwana biyu zuwa uku sakamako ke ɗauka. A wanke gaba, a bar fitsarin farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar asibiti, a kai ɗakin gwaji cikin awa biyu, kuma kafin a sha magani. Wanda ya riga ya sha ƙwaya ya ɓata gwajin, domin mai yiwuwa ƙwayar cutar ba za ta tsiro a ɗakin gwaji a gano ta ba.

Gaskiya ne, likita kan iya ba mace mai ciwon karon farko antibayotik mai suna nitrofurantoin na kwana biyar ba tare da jiran sakamako ba. Amma shi wannan magani ba ya isa naman ƙoda. Mai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, wanda mai yiwuwa ciwon ya kai ƙodarsa, da mai juna biyu, da namiji, da wadda ciwon ke dawo mata, duk sai an gwada. A gwada, jama'a! Masu sayar da magani kuma su daina miƙa antibayotik ga wanda bai zo da takardar likita ba.