Sharhi: Idan Kare Ya Yi Cizo, Wa Ke da Shi?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Kwanakin baya, a layinmu da ke nan cikin garin Bauchi, an aiki wani yaro ɗan shekara bakwai sayo ƙosai da sassafe. Yana tafe da kwanonsa, sai wani kare ya fito daga ƙarƙashin motar da aka ajiye a bakin hanya, ya cafke shi a ƙwauri. Raunin bai taka kara ya karya ba, huji biyu ne da ɗan karce. Kowa a layin ya san karen nan. Ja ne, mai yankakken kunne, an san zauren da yake kwana, an san samarin da ke fita farauta da shi in rani ya yi. Amma da mahaifin yaron ya je ya yi sallama a gidan, ya tambaya ko an taɓa yi wa karen allura, amsar da ya samu ita ce: "Wallahi Malam ba namu ba ne, zuwa kawai yake yi ana zuba masa ragowar tuwo."

Kafin azahar yaran unguwa sun bi karen da jifa da sanduna sun kashe shi, sun jefa shi cikin kwata. Kowa ya ce an huta. Ni kuwa na tsaya ina kallon mahaifin yaron, domin shi ne kaɗai a wurin bai huta ba. Mai karen ya gudu daga alhakinsa, karen da za a duba a gane ko yana da ciwon hauka ya tafi, shi kuma an bar shi da yaro da tunanin kuɗin allura.

Wannan ɗabi'a ce nake so mu duba yau. Dabba tana da mai ita muddin tana kawo amfani, tana gadi, tana kamo zomo, tana haihuwa. Ranar da ta yi ɓarna sai ta zama marainiya.

Mutane da yawa suna zaton babu doka a kan wannan al'amari. Akwai, kuma ba a nesa take ba. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kula da yadda ake ajiye dabbobin gida kowane iri da yadda suke zirga-zirga. Ba aikin Abuja ba ne. Aikin sakatariyar ƙaramar hukuma ne, daga Bauchi zuwa Katagum, daga Toro zuwa Misau, duk guda ashirin ɗin da muke da su a jihar nan. A wannan jadawalin dai aka ɗora musu kwashe shara da kula da mayanka da kasuwanni, kuma ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Dokar haraji ta 1998 ma, da ta raba wa kowane mataki na gwamnati abin da zai karɓa, ta sa kuɗin lasisin dabbobin gida cikin rabon ƙaramar hukuma. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka akwai dokar karnuka da ta tanadi lasisi da alamar da ake rataya wa kare a wuya, da ikon kama wanda ke yawo da killace wanda ake zargi da hauka. Dokar hukunta laifuka ta Final Kod da kotunanmu na Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta hukunta wanda ya yi sakaci da dabbarsa har ta jefa rayuwar mutane cikin haɗari, ta kuma hukunta wanda ya azabtar da dabba. A matakin tarayya akwai dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022.

To ina tambayar mai saurare, ka taɓa ganin kare da alamar lasisi a wuyansa a Wunti, ko Yalwa, ko Fadamar Mada? Dattawanmu suna ba da labarin duba-gari, wanda in aka hango shi daga nesa mata ke rugawa su rufe randa, maza su kama akuyarsu su ɗaure. Ba don yana da bindiga ba, don an san in ya rubuta sunanka za ka amsa a gaban alƙali. Takardun dokar suna nan har yau. Mai bin layi da su ne ya yi ƙaranci.

Dalilin da ya sa na nace a kan kare, duk da awaki sun fi yawa a titi, shi ne ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin ɗari daga kare suke samunsa. Kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ne ke wasa da kare, su ne gajeru da kare ke samu a fuska da wuya, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron duka. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. In ta shiga ta rauni sai ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A nan yaudarar take. Rauni ya warke, an manta da zancen, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi, ya fara firgita, a miƙo masa ruwa yana jin ƙishi amma maƙogwaronsa ya shaƙe ya kasa haɗiya. A lokacin sai a ce iska ce, ko sammu, a fara yawon neman taimako. Idan alamun nan suka bayyana, likitoci ba su da abin yi sai rage wa mara lafiya wahala, domin kusan babu mai tashi.

Amma kafin alamun su bayyana, ana iya tare shi gaba ɗaya. Tun 1885 wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura ya tsira, shi ya sa ake tunawa da yaƙi da ciwon nan duk ranar 28 ga Satumba, ranar da masanin ya rasu. Don haka in kare ko kyanwa ta ciji wani a gidanku, ko ta yakushe shi har fata ta buɗe, abu na farko ba neman mai kare ba ne. A kai shi bakin famfo ko a ɗebo ruwa a buta, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti goma sha biyar. A duba agogo, minti goma sha biyar yana da tsawo. Kada a ɗaure, kada a zuba toka ko barkono, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa kamar yadda wasu ke cewa. Daga nan sai asibiti a ranar, ba gobe ba. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta a ranar farko, da ta uku, da ta bakwai, da yadda likita ya tsara. Wanda ya yi ɗaya ya daina don ya ga ciwo ya bushe, bai gama ba.

Shi kuma karen, kashe shi a jefa kwata asara ce. In an san shi kuma za a iya tsare shi ba tare da wani ya sake shiga haɗari ba, a killace shi a kira malamin dabbobi, a sa masa ido kwana goma. In ya riga ya mutu, kada a fasa kan, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji. Muna da sa'a a Bauchi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato maƙwabciyarmu ce, tana nan tun 1924, tana yin wannan gwaji, tana kuma haɗa allurar rigakafin da ake yi wa karnuka.

Allurar karen ita ce gishirin zancen. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki rigakafi, aka ci gaba da yi duk shekara, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo tun yana wata uku. Kuɗin da za a kashe a kan kare ɗaya bai kama ƙafar abin da iyali ke kashewa a kan yaro ɗaya da aka ciza ba. Ƙasashen duniya sun ɗaura aniyar kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya nan da 2030, kuma shekarar ba ta da nisa.

Na san abin da wasu za su ce: a zuba guba a kashe su duka a huta. Ba na goyon bayan wannan, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Guba ba ta zaɓe, takan kashe kajin mutane da kyanwoyi da ungulu, yaro ma yana iya ɗauka. Sannan muddin bola tana nan cike, muddin ana zubar da kayan ciki da jini a bayan mayanka, wasu karnukan za su zo daga ƙauye su maye gurbin waɗanda aka kashe, su kuma ba a san lafiyarsu ba. Ga inda zancen shara da mayanka ya dawo. Hukumar da aka ɗora wa kula da dabbobi ita ce aka ɗora wa kwashe abin da ke tara su.

Kada kuma a ɗauka da mafarauta da talakawa kaɗai nake. Akwai masu hali da ke sayo manyan karnukan Turawa da kuɗi masu yawa, a bar wa maigadi, a manta ƙofa a buɗe. Akwai mai ɗaure kare da guntuwar sarƙa a tsakiyar rana, ba inuwa ba ruwa, wai don ya yi zafi. Akwai fataken da ke bin ƙauyuka suna sayen karnuka a loda su zuwa kasuwar Dawaki a Filato, sana'arsu ce, amma kare mara rigakafi da ya ratsa ƙananan hukumomi biyar a cikin keji yana iya tafiya da ciwo duk inda ya sauka.

Awaki da tumaki fa? Duk wanda ke tuƙi a garin nan ya san yadda tunkiya ke faɗowa titi ba sallama. Mai babur ya kauce mata ya faɗi ya karye, babu mai ita. Amma in mota ta take ta, kafin direba ya buɗe ƙofa mai ita ya iso da farashinsa. Matar da ta shanya hatsi a ƙofar gida, da mai lambu a bakin fadama, da makarantar da ta dasa itatuwa, duk sun san wannan zafin. Ita kanta dabbar cutuwa take. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuyar da ta girma a bola: dunƙulen leda ne, wani har ya fi kan jariri, dabba tana ci tana ramewa mai ita yana cewa maita ce. Na fahimci cewa kiwon sake ba don ganganci kowa ke yinsa ba. Dusa da harawa sun yi tsada, kuma akuya biyu su ne asusun uwar marayu. Shi ya sa nake ganin doka da za ta fara da ƙwace ba za ta yi tasiri ba, sai ta fara da gargaɗi da sanin mai dabba.

Addininmu bai bar wannan fage ba. A Suratul Anbiya an ba mu labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, suna hukunci a kan gonar da tumakin mutane suka shiga cikin dare. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hukunta cewa masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu su ne za su biya. Ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. An yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Babu inda aka yarda ka ajiye shi sannan ka yi musunsa.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli ba shi da tsada, musamman yanzu da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa kuɗinsu ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. A ba kowane mai unguwa littafi ya rubuta gidan da ke da kare da yawansu, domin shi ya san kowa. A sa rana guda a shekara malaman dabbobi su zauna a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a yi shela a masallaci da coci da rediyo, a yi allura kyauta, a ba da kati, a rataya alama a wuya. A shigo da sarakunan farauta, su ne masu karnuka da yawa kuma yaransu na jin maganarsu. Lasisin kada ya zama wata kafar tatsar jama'a, in ya yi tsada mutane za su ɓoye karnukan ne kawai. Bayan an yi wannan, duk wanda karensa ya yi cizo ba shi da kati, shi zai biya kuɗin allurar wanda aka ciza, a rubuta haka ƙarara cikin dokar ƙaramar hukuma. Gwamnatin jiha kuma ta tabbatar allurar mutane tana nan a manyan asibitocin Azare da Ningi da Dass da sauransu, kada sai an taho Bauchi ana bin kantunan magani ɗaya bayan ɗaya.

Yaron layinmu ya kammala allurarsa. Mahaifinsa ya sayar da buhun masarar da ya ajiye don azumi, maƙwabta suka cika masa sauran. Ya koma makaranta, sai dai har yau in an aike shi sayen ƙosai yakan zaga ta bayan masallaci. A zauren nan kuwa na ga an kawo sabon ɗan kwikwiyo, baƙi mai farin ƙirji, yara suna wasa da shi. Jiya na tsaya na tambayi maigidan watansa nawa, ya ce biyu da 'yan kwanaki. Na ce masa in ya cika uku zan zo mu kai shi asibitin dabbobi tare, ya ce Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum.