Da Me Za Mu Auna Ɗan Majalisarmu a Kan Sha'anin Mata da Iyali?

(An rubuto daga sautin laccar da wata malama ta gabatar a wani taron mata a birnin Zariya.)

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zama.

Da zan shigo, wata baiwar Allah ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Malama, ai namu ɗan majalisar ya yi wa mata aiki, ya raba keken ɗinki da injin markaɗe." Na ce Allah Ya saka masa da alheri. Amma ba don rabon keke muka tura shi Kaduna ba. Kujeru 34 ne a majalisar dokokin jiharmu. Ƙaramar hukumar Zariya na da biyu, Birni da Kewaye, Sabon Gari ma biyu, ita da Basawa. Wanda ya hau kujerar nan, aikinsa ya yi doka, ya tantance kasafin kuɗi, sannan ya bi sawun kuɗin har ya ga inda suka sauka.

Mu fara da doka. Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, ta yi dokar hana cin zarafi a 2015, amma ba su hau kanmu ba sai da jiha ta yi nata a 2018. A watan Satumba na 2020 kuma aka tsananta hukuncin fyaɗe: wanda ya lalata yarinya ko yaro ƙasa da shekara 14, dandaƙa ce da kisa. To, idan wakilinku yana majalisa a lokacin, me ya faɗa ranar muhawara? Idan kuwa daga baya ya shiga, sau nawa ya tashi ya tambayi shari'o'i nawa aka kai kotu, nawa aka yanke? Domin duk mun san yadda ake yi. A taru a zaure, a ce a rufa asiri, uwa ta haɗiye kukanta, mai laifi ya ci gaba da yawo a unguwa.

Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu, a ba su magani da shawara. Wace ce ta san da ita a cikinku? Kun gani, hannuwa ba su fi a ƙirga ba. Ga aikin da ya kamata wakili ya yi ta shela a kai, ya kuma tsaya kai da fata a ware mata kuɗi duk shekara.

Sunan asibitin nan ma abin tunawa ne. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a zamanin jam'iyyar NEPU a kan a bar macen Arewa ta yi zaɓe, ba a bari ba sai 1976. Ƙuri'ar da ta sha wuya a kanta ce wasu ke saye a hannunmu da turmin atamfa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haihuwa. Wani dare na damina naƙuda ta kama maƙwabciyata. Muka sa ta a Keke Napep zuwa wani ƙaramin asibiti. Ginin fes, ya sha fenti, amma ƙofa a garƙame, sai maigadi da tocila a hannu. Ya ce ungozoma ɗaya ce, tun safe take aiki, ta tafi gida. Ina riƙe da kanta a cinyata, zaninta ya jiƙe da jini, muka juya neman babban asibiti. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Mazaɓun kansila 255 ne a jihar nan, an kuma yi alkawarin ingantaccen asibiti a kowace. Albashin ungozoma ta biyu da za ta kwana, da wutar sola a ɗakin haihuwa, duk a takardar kasafi suke, kuma sai ta bi ta hannun wakilinku kafin gwamna ya sa hannu.

Ƙarshen shekara ake kai kasafin gaban majalisa. Kafin lokacin, matan kowace Islamiyya ku fitar da mutum biyar, ku same shi a ofishinsa, ba a wurin biki ba. Ku tambaye shi kwamitin da yake ciki, ku ce ya nuna muku ƙudirin da ya taɓa kawowa a kan mata, a rubuce. Ku tafi da sunan asibitin unguwarku da adadin ma'aikatan da ke kwana a cikinsa.