Golf na Faifai a Filin Makaranta: Me Ya Sa Jifanka Ke Karkata Hagu?

[Hoto: faifai ya tashi sama, ya lanƙwasa, ya faɗa cikin ciyawa. Sai jifan mutum na biyu, sai na uku.]

Kun gani? Hagu. Wannan ma hagu. Wannan bawan Allah har hula ya cire don ya ji daɗin jifa, amma ina, hagu dai.

Assalamu alaikum jama'a. Tun da bidiyon ɗaliban nan suna golf na faifai, wato wasan jefa faifan roba cikin kwando, ya zagaya WhatsApp, mutane ke zuwa filin makarantar nan su gwada, kuma kusan kowa da ƙorafi ɗaya yake komawa gida: wai fayafan jabu ne, ko kuma iskar Kaduna ce ba ta da mutunci. To faifai lafiyarsa ƙalau.

[Hoto: kwandon ƙarfe, sarƙoƙi na lilo.]

Dokoki a gurguje. Lissafi irin na golf ne, sai dai babu sanda, babu ƙwallo, babu rami. Wannan kwandon ake nema. Wani Ba'amurke, Ed Headrick, shi ya ƙirƙiro shi da sarƙoƙinsa. Ya shirya filin farko a Oak Grove da ke Kalifoniya a 1975, ya kuma kafa hukumar wasan, PDGA, a 1976.

Nan kwanduna tara ne, mafi nisansu bai kai tsawon filin ƙwallo ba, kuma jifa uku ake sa ran kowanne ya ci. Ka jefa daga layi. Inda faifai ya kwanta, daga bayansa za ka sake jefawa. Wanda ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa. Idan kana cikin mita 10 da kwando, ba a tsallake gurbin faifai sai ka nuna ka tsaya da ƙafafunka. Dole ya zauna cikin kwandon ko a jikin sarƙa, wanda ya ɗare saman murfi bai shiga ba. Mai ƙarancin jifa ya ci. Shi ke nan.

[Hoto: a rage gudun bidiyo, faifai na juyawa a iska.]

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ku duba da kyau.

Idan ka jefa da hannun dama, bayan hannu na gaba, faifan na juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Yana da gudu, yana tafiya miƙe. Da gudun ya fara raguwa, sai iska ta riƙa tura bakinsa na gaba sama. Da ba ya juyawa, da sai ya ɗaga kai ya kife. Amma abu mai juyawa ba ya amsa turi a inda aka tura shi, gefe yake karkatawa. Gefen nan kuwa, ga mai jifa da dama, hagu ne. Bahago nasa dama yake yi. Haka aka ƙera shi, har ƙwararru ba su tsira ba. Bambancin kawai, su a ƙarshen tafiya yake karkata musu, kai kuma tun bai yi nisa ba.

Me ya sa tun bai yi nisa ba? Dalili na farko yana hannunka tun kafin ka jefa.

[Hoto: fayafai uku a jere, a matso da kyamara kan gefunansu.]

Wannan mai kaifin baki na jifan nesa ne. Shi kowa ke wawura, don ya fi kyau a ido. Fayafai da yawa suna da lambobi huɗu a jiki. Ta farko gudun da faifan ke buƙata ce. Idan ka ga 12 ko 13, ajiye shi, ba sa'anka ba ne tukuna. Hannun sabon shiga ba ya ba shi gudun da yake so, don haka tun daga fitowarsa a matsayin wanda ya gaji yake, sai ya zube hagu. Ɗauki mai kaurin baki, lamba 2 ko 3, ko na tsaka-tsaki, 4 ko 5. Lamba ta huɗu kuma ita ke nuna ƙarfin karkatar, daga 0 zuwa 5. Nemi 0 ko 1. A ganina, a ɗan filin nan, faifai ɗaya mai kauri ya ishe ka zagaye duka. Wanda ya zo da jaka cike, ado ne kawai.

Dalili na biyu, bakin faifan na gaba. Mai kyamara, dawo mana da jifan Alhaji.

[Hoto: a tsayar daidai lokacin da faifai ke barin hannu.]

Tsaya nan. Kun ga bakin gaba ya ɗaga? Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, kai muka samu. Faifan da ya fita haka sama zai hau, iska ta cinye gudunsa, ya tsaya cak, ya rikito hagu. Ƙara ƙarfi ba ya gyara wannan, ƙara masa tsawo kawai yake yi.

Ga malamin wasanni nan, ku kalli hannunsa. Ya juya kafaɗa ga kwando. Ya miƙa hannu baya. Ya sauke wuyan hannu kaɗan don bakin faifai ya daidaita. Sannan ya jawo shi miƙe ta gaban ƙirji, kamar mai jan igiyar janareta. Hannun bai zagaya ba, bai kuma taso daga ƙugu zuwa sama ba. Layi ɗaya.

[Hoto: jifan malam sau biyu, babu magana.]

Ko gumi bai yi ba. Kuma ku lura, ba kwandon ya saita ba. Ya ɗan saita dama da shi, ya bar faifan ya dawo da kansa. Tunda ka san zai karkata, ka ba shi wurin karkatawa.

Iska fa? Tana da nata laifin, musamman da hunturu. Idan tana busowa ta gabanka, faifai zai ɗaga, har ya ɗan ja dama. Idan ta bayanka take, zai yi saurin sauka. A duka biyun, jefa ƙasa-ƙasa.

[Hoto: tagogin azuzuwa, yara na wucewa.]

Nan fa makaranta ce. A nemi izinin shugaban makaranta, a zo bayan an tashi ko ranar Asabar. Faifan nan na iya kaiwa giram 175, kuma ba ya tambayar goshin wa ya samu, don haka in akwai yaro a gabanka, dakata har ya wuce. Kwando na shida kuwa, azuzuwa suna hagu da shi. Masu jifa da dama, a wannan ɗin ku saita dama sosai, gilashin taga ba ya cikin kuɗin faifai.