Ɓargo, Tsufa da Ginin Ƙashi: Laccar da Aka Gabatar a Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, abubuwa uku zan faɗa, in Allah ya yarda.

Na farko, ƙashi rayayye ne. Kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, har cikin kamar shekara 10 an sabunta ƙasusuwan babban mutum. Maginan kuwa, wato ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi, daga ɓargo suke fitowa, daga wasu uwayen ƙwayoyin halitta da Alexander Friedenstein, masani daga Tarayyar Sobiyat, ya bayyana wajen 1970.

Ku da ke zaune a baya, kuna ji na? To ku riƙe wannan. Uwar ƙwayar nan tana da zaɓi: ko ta zama magini, ko ta zama kitse. Kitse fa! A ƙuruciya gini take zaɓa, shi ya sa yaro zai karye, a yi ɗori, bayan 'yan makonni ya koma ƙwallo kamar ba shi ba. Ƙashi yana cika ƙarfinsa wajen shekara 30. Daga nan sannu a hankali sai ta karkata ga kitse. Ɓargo ya yi ta cika da kitse, magina suna raguwa. Wasu ƙwayoyin ma su tsufa su daina rabuwa, ba su mutu ba, sai fitar da sinadarai masu cutar da na kusa da su. Masu rushewa kuwa ba su huta ba, musamman a jikin mata idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin ya ragu. Shi ya sa iyayenmu mata ke zamewa a banɗaki, ƙugu ya karye, wata da watanni bai kama ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Amma ƙashi yana jin nauyin da aka ɗora masa, nauyin ne ke riƙe ƙarfinsa. 'Yan sama jannati suna rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin wasu ƙasusuwansu duk wata, don ba nauyi a can. Saboda haka tattakin safe a Dandalin Murtala aiki ne, a haɗa da kindirmo, miyar kuka da hasken rana. Na biyu ke nan, ko na uku?

Na'am, Baba? Baba yana tambaya ko shan ɓargon saniya zai mayar da nasa. (Dariya.) Baba, Allah ya ƙara lafiya, ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci, kuma yawancinsa kitse ne. Ka sha farfesunka, amma gobe da safe ka fito mu taka tare.