Tafkin Tare Laka a Wurin Haƙar Ma'adinai, Daga West Virginia

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara, da 'yan uwana na Daura, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a kan tudu nake a jihar West Virginia ta Amurka, ƙasar kwal. Bari in juya kyamara. Ruwan can da kuke hange a ƙasa ba na kiwon kifi ba ne. Duk ruwan saman da ya wanko filin haƙar nan, sai ya biyo ta cikinsa ya sauke lakarsa kafin a bar shi ya shiga rafi. Doka ce tun 1977, kuma ana auna tafkin da mamakon yini guda, irin wanda akan samu sau ɗaya a shekara 10.

Na san wani zai ce ai kududdufi ne, muna da su birjik a cikin gari. A'a, ranka ya daɗe. Kududdufi rami ne da aka ɗebi ƙasar gini aka bari. Wannan kuwa lissafi aka yi masa, kuma faɗi ake nema fiye da zurfi. Tun 1904 wani injiniya, Allen Hazen, ya nuna cewa abin da ke sa laka ta kwanta shi ne yawan ruwan da ke shigowa idan an gwada shi da faɗin saman tafkin. Ko ka yi rami kamar rijiya, in bakinsa ƙarami ne, ruwa zai shiga ja ya fito ja.

Ku dubi siffarsa, dogo ne siriri. Tsawon akan so ya ninka faɗin aƙalla sau biyu, mashiga a wannan kai, mafita a wancan, don kada ruwa ya yanke hanya. Wancan ɗan gurbin na farko shi ke cafke yashi da tsakuwa. Mafitar kuma ruwan sama-sama take kwasa, wanda ya riga ya tace. Ga wata hanya can gefe da aka shimfiɗe da duwatsu, ta ranar da ruwa ya fi ƙarfin tafki ce, don kada ya ɓalle ganuwar.

Inda abin ya shafe mu shi ne nan. Yashi cikin daƙiƙu yake nutsewa, amma duk ƙwayar da girmanta ya ragu da rabi, saurin nutsewarta sau huɗu yake raguwa. To ku tuna farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara. Yumɓu ne mai laushin gaske, zai iya kwanaki yana yawo a ruwa bai kwanta ba. Irin wannan sai an sa masa sinadarin da ke dunƙule shi, kamar alam ɗin da iyayenmu mata ke jefawa a randa. Ga shi damina tamu gajera ce amma mai fushi, ruwan Agusta kan sauko lokaci ɗaya a kan ƙasar da aka tone. Lakar kuwa ba ɓacewa take ba, gonakin fadama take binnewa, ko ta gangara ta cike madatsu irin su Zobe da Ajiwa.

Sai batun yasa, wanda shi ake yawan yin sakaci da shi. Da laka ta kai wajen rabin gurbinta, a kwashe, in ba haka ba tafkin ya tashi aiki. Kuma in wurin haƙar zinariya ne, kada a zubar da ita inda yara ke wasa ko a kai ta gona a ce taki. Ba mu manta da gubar dalma da ta fito daga haƙar zinariya a Zamfara ba a 2010, yara sama da 400 suka rasu. A binne lakar, a rufe da ƙasa mai tsabta.

Bari in gangara in nuna muku bakin mafitar, ku kwatanta launin ruwan da na mashiga.