Idan Aka Juya Kalmomi, Ina Ma'ana Take Zuwa?

Tambayar da ake ta jefo mana kwanan nan ke nan: tunda akwai harsunan da ake jera kalmomi yadda aka ga dama, ta yaya za a ce ma'ana tana da doka irin ta lissafi?

Tarihin a gurguje. A 1970 wani masanin manɗiƙi ɗan Amurka, Richard Montague, ya ce ana iya fitar da ma'anar jimla daki-daki daga ma'anar kalmominta da yadda aka haɗa su. Sai a 1983 Ken Hale, wani masanin harsuna, ya kawo misalai daga Warlpiri, harshen wasu 'yan asalin Ostireliya. Ku dubi wannan jimlar: "Ngarrka-ngku ka wawirri panti-rni." Wato mutum (ngarrka) yana sukar kangaru (wawirri) da mashi (panti-rni). Ku juya su ta ko'ina, jimlar tana nan daram, muddin 'yar kalmar nan "ka" tana matsayi na biyu.

To, a nan ake zamewa. "Yadda aka haɗa su" ba ya nufin wadda ta riga zuwa. Dokar ba bin layi take yi daga hagu zuwa dama ba. Aikatau irin "soka" yana zuwa ne da gurabe biyu a buɗe: mai yi, da wanda aka yi wa. Abin da dokar ke son sani ɗaya ne, wa ya shiga wane gurbi? Hausa da Turanci galibi da mazaunin kalma suke amsawa. Warlpiri kuwa da ɗafa-ƙeya, wato ɗan ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma. Kun ga "-ngku" ɗin da ke manne da "ngarrka"? Shi ke cewa wannan ne mai mashin, ko ina ya zauna.

Mu ma ai muna taɓawa. "Karnuka sun ciji yaro." Yanzu kuma: "Yaro ne karnuka suka ciza." Yaro ya dawo gaba, amma har yanzu shi ke shan cizon, bawan Allah. "Sun" ya koma "suka", "ciji" ya koma "ciza", shaidar cewa an ɗauke wani abu daga gurbinsa.

Ni dai cewar da ake yi jerin kalmomi ba ruwansa da ma'ana ba ta kwanta mini ba. Abin da ya faru ɗaya ne, ba musu. Amma jimla ta biyu amsa ce ga mai tambayar wa aka ciza, ko gyara ga wanda ya dage cewa yarinya ce. Ku gwada faɗa wa wanda bai ma san an yi cizo ba, ku ga kallon da zai yi muku.