Amsoshin Tambayoyinku: Lita 22.4 ne ko 22.7?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon sun karkata ne ga nauyi da girma da yanayin abubuwa, kuma muna tare da malaminmu na ilimin sinadarai.

Wani mai sauraro yana tambaya, kilo ɗaya na ƙarfe da kilo ɗaya na auduga, wanne ya fi nauyi? Malam mai tambaya, tarko ka ɗana mana, amma kilo dai kilo ne. Bambancin yana ga wurin da kowannensu ke cikewa, domin kilon ƙarfe mililita 127 ne kacal, auduga kuwa sai ta cika jaka.

Wata ɗaliba ta ce me ya sa zaiba take gudana alhali ƙarfe ce? Dalili shi ne ba ta daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 39 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos.

Sai tambayar da ta fi yawa a wasiƙun ɗalibai: littafinsu ya ce mol ɗaya na iska, wato wani ƙayyadadden adadi na ƙwayoyinta, yana cika lita 22.4 a daidaitaccen zafi da matsi, amma a intanet sun ga 22.7. Malam, wanne ne kuskure?

Malam: To, sai mun koma shekarar 1811, lokacin da wani masani ɗan Italiya, Amedeo Avogadro, ya bayyana cewa idan aka ɗauki iska iri biyu a mazubi masu girma ɗaya, zafinsu ɗaya, matsinsu ɗaya, to adadin ƙwayoyin da ke cikinsu ɗaya ne. Masana ba su rungumi maganar ba sai bayan rasuwarsa, da wani masanin ɗan Italiya, Cannizzaro, ya farfaɗo da ita a taron masana sinadarai na 1860 a birnin Karlsruhe na Jamus, kuma abin takaici ne yadda...

Mai gabatarwa: Malam, Allah ya gafarta, lokaci yana harararmu. Wanne ne kuskure?

Malam: Babu kuskure a cikinsu. Dutse yana da siffarsa da girmansa, ruwa yana da girmansa amma yana ɗaukar siffar mazubi, ita kuwa iska ba ta da ko ɗaya, duk wurin da aka ba ta sai ta bazu ta cike shi. Saboda haka faɗin litar iska ba shi da ma'ana sai an ambaci zafi da matsi. An yarda a kan digiri sifiri na ma'aunin Salshiyos, wato 273.15 a ma'aunin zafi na Kelbin. A da, matsin da ake aiki da shi 101.325 ne a ma'aunin matsi na kilofaskal, wanda ke ba da lita 22.4. A 1982 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta mayar da shi kilofaskal 100 cif, kuma da matsin ya ɗan ragu sai iskar ta ɗan buɗe, ta kai lita 22.7.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita domin masu rubutawa. Zafin bai canza ba, digiri sifiri ne. Idan matsin 101.325 ne, lita 22.4, idan 100 ne, lita 22.7. Kuma ɗalibai, a gaskiya laifinku ne ku haddace lamba ba tare da duba sharaɗin da ke gefenta ba.

Malam: Abin da ya fi burge ni shi ne, lita 22.4 ɗin nan idan haidurojin ce giram 2 ce kawai, idan oksijin ce giram 32, idan kabon dayoksaid ce giram 44. Girma ɗaya, adadin ƙwayoyi ɗaya, nauyi dabam. Amma kada a kai wannan lissafi kan ruwa, domin mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, kimanin mililita 18, bai fi cokali ɗaya da ɗan ƙari ba.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, wani ya ce a wannan daidaitaccen yanayi ruwa ƙanƙara ne ko ruwa? Malam, a jimla ɗaya.

Malam: Yana kan iyaka ne daidai, domin a digiri sifiri ƙanƙara da ruwa suna iya zama tare a kofi ɗaya, ƙanƙarar tana yawo a sama saboda ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare.

Mai gabatarwa: Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.